Makullin Randa

Tun cikin Rumaisa'u yana wata bakwai Hajiya Hajara ta yanke hukunci, kuma duk unguwar Shehuri ta Maiduguri an san Hajiya ba ta maimaita magana. 'Yarta za ta dawo gida ta haihu, ta yi wankan jego a gabanta har arba'in, kamar yadda ake yi wa kowace mace a zuri'arsu tun kafin kakanninsu su baro Kano da fataucin yadi. Wannan duk Rumaisa'u ba ta ƙi ba. Ƙarshen maganar ne bai yi mata daɗi ba.

"Wannan allon naki kuwa," in ji Hajiya, tana nuna kwamfutar da haɓa, "ranar da kika shigo gidan nan zai shiga akwatina. Mai jego ba ta zama tana ƙura wa haske ido."

"Hajiya, aiki ne fa."

"Haihuwar wasa ce?"

Shi ke nan, magana ta ƙare. Rumaisa'u ta shiga keke napep ta koma gidanta a Damboa Road tana ta ƙunƙuni, har mai keken ya waiwayo ya tambaye ta ko da shi take.

Ba aikin da take ci da shi ne damuwarta ba. Wani kamfani take rubuta wa manhaja daga ɗakinta, kuma sun ba ta hutun haihuwa ba tare da ja-in-ja ba. Damuwarta Randa ce.

Randa wata 'yar manhaja ce da ta rubuta don kanta, ba wanda ya sa ta. Lokacin da take bautar ƙasa a wani ƙaramin asibiti a bayan gari, ta taɓa ganin an kwashe alluran rigakafi kwali guda an zubar, saboda firjin ya mutu tun yammacin Juma'a, ba wanda ya sani sai Litinin. Mata sun cika gindin darbejiya da goyo a baya, aka ce su koma gida. Abin ya tsaya mata a rai. Ta zauna ta haɗa dabara: tsohuwar waya, da ɗan ma'aunin zafi da ake sakawa a cikin firji, da manhajar da ke lura da shi. Da zarar firji ya fara ɗumi, sai saƙon tes ya tafi wayar nas ɗin da ke kula da shi. Ta sa mata suna Randa, tunda aikinta ke nan, tsare sanyi.

Ba ta sayar ba, ba ta kuma ɓoye ba. Ta ɗora rubutun manhajar kaf a wani dandali na intanet inda masu irin wannan sana'a suke baje aikinsu, kowa ya gani, kowa ya ɗauka kyauta, wanda ya ga kuskure ya gyara ya aiko. Tsarin wurin kuwa shi ne, kowa yana iya kawo gyara, amma gyaran zai tsaya a bakin ƙofa har sai mai makulli ya duba ya ce ya shiga. Makullin ba na ƙarfe ba ne, izini ne kawai a dandalin. Na Randa guda ɗaya ne tak, kuma yana hannun Rumaisa'u.

Kafin a ankara Randa ta yi ƙafa. Daga asibitocin unguwa na Maiduguri ta kai Damaturu, ta tsallaka Difa, har wani bawan Allah daga Malawi ya aiko da hoton firjinsa yana godiya. Rumaisa'u kan tashi da safe, ta haɗa shayi, ta zauna kusa da taga tana amsa tambayoyin mutanen da ba ta taɓa gani ba, fanka tana juyawa da wutar solar da mijinta ya haɗa mata. Wallahi rayuwar ta yi mata daɗi, ba ta neman ƙari.

Sai dai fa, a faɗi gaskiya, Rumaisa'u mai kyauta ce mai rowa. Za ta ba ka Randa gaba ɗaya, amma ba za ta bari ka sa hannu a ciki ba. In ka aiko da gyara, ko dai ta dawo maka da shi cike da ƙorafi, ko ta yi godiya ta sake rubuta shi da hannunta yadda take so. Tana kuma da wata doka da ta kafa a saman shafin da manyan baƙaƙe: duk gyaran da bai zo da gwajinsa ba, ba zai shiga ba. Gwajin nan ɗan ƙarin rubutu ne da ke tabbatar da cewa gyaran yana yin abin da aka ce yana yi. Dokar tana da kyau. Yadda take jefa wa mutane ita a fuska ne ba kyau.

Mijinta Nuraddeen, mai haɗa wa mutane sola, shi ne ya faɗa mata abin da take gudun ji. Ya dawo daga aiki ya tarar da ita ta ɗora kwamfuta a kan tulun cikinta tana ta bugawa.

"Me ake ginawa haka?"

"So nake in gyara komai kafin in tafi, yadda ba abin da zai taso."

Ya yi dariya har ya zauna. "Ke, a tsakiyar bazara za ki haihu fa. Lokacin da batir ke kumbura, firji ke mutuwa kamar ƙudaje. A lokacin ne kike cewa ba abin da zai taso? Ki ba wani makullin nan kawai."

"Wa zan ba?"

"Malamar nan ta unguwar Wulari mana."

Rumaisa'u ta san gaskiya ya faɗa, kuma ta san abin da ta yi wa malamar.

Malama Phebe 'yar ƙasar Biu ce, tana koyar da kwamfuta a wata sakandare. A duk masu aiko wa Randa gyara babu wanda ya kama ƙafarta. Ita ce take zagayawa asibitocin unguwa ranar Asabar tana kafa wayoyin da hannunta. Bara ta aiko da wata shawara: ta ce nas-nas ba sa karanta tes, don wayoyinsu cike suke da tallace-tallace, amma ba wanda wayarsa za ta yi ƙara bai duba ba. Saboda haka Randa ta riƙa yi musu filashin, ta kira ta katse. Ta rubuta abin tsaf, ta haɗa da gwajinsa. Rumaisa'u ta duba, ta ji wai abin bai yi kama da aikin ƙwararru ba, manhajar da ake amfani da ita har Malawi ta koma filashin kamar mai neman a kira shi. Ta rubuta, "Wannan ba tsari ba ne," ta rufe maganar. Tun daga ranar Phebe ba ta sake aiko da ko wasali ba.

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wata Asabar da la'asar Rumaisa'u ta ƙunsa turaren wuta mai kyau a kwalba, ta ja jiki ta tafi Wulari. Ta tarar da Phebe a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, takardun waƙoƙin coci a gefe an danne su da dutse kada iska ta kwashe.

"A'a! Malama Rumaisa'u, da wannan cikin? Wushe, wushe, sannu da zuwa! Me ya hana ki kira ni in zo?"

Ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo mata ardeb, ruwan tsamiya mai ƙanƙara. Aka gaisa, aka tambayi mutanen gida, aka yi kukan zafi. Rumaisa'u ta yi ta kewaye-kewaye har kofin ya ƙare, sannan ta ce, "Malama, makullin Randa na zo ba ki. Zan tafi gida haihuwa, kuma Hajiyarmu ta ce sai bayan arba'in."

Phebe ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Can ta ce, "Gadi kike so in yi miki, ko riƙo?"

"Mene ne bambancin?"

"Mai gadi zama yake a bakin ƙofa, in wani abu ya taso ya ce a jira masu gida. Wannan ba zan iya ba, firji ba ya jiran masu gida. In riƙo ne, abin da na ga ya dace zan shigar, ba sai na tambaye ki ba. Kuma ba za ki biyo ta baya ki warware mini ba."

Rumaisa'u ta ajiye kofin da ke hannunta. Ta san abin da ke cikin wannan maganar sarai. Ta ce, "Ai nawa makullin yana nan, ƙari ne kawai zan yi miki."

"Na sani. Shi ya sa nake son alkawari. Naki ya kwanta tare da ke har ki gama wanka."

Rumaisa'u ta dubi gyaɗar, ta dubi ƙafafunta da suka kumbura. Abin cikin ya motsa ya harbe ta a haƙarƙari. Ta ce, "Na yi alkawari." A nan kan tabarmar ta buɗe wayarta ta saka sunan Phebe a matsayin mai makulli. Ta ji kamar ta ba da aron hannunta na dama. Phebe ta cika mata leda da gyaɗa ta raka ta har titi.

Haihuwa ta zo da sauƙi, alhamdu lillahi, mace, aka sa mata Munira. Daga asibiti kai tsaye aka wuce Shehuri, kuma Hajiya ta cika alkawarinta tun a zaure: kwamfuta da babbar waya suka shiga akwatin ƙarfe, makullin akwatin ya shiga bakin zanin Hajiya. Aka bar mata 'yar ƙaramar waya mai tocila don amsa barka.

Wanda bai ga jego a bazarar Maiduguri ba bai ga zafi ba. Gari yana tafasa, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa, ga kuma tukunyar ruwa tana tafasa safe da yamma, Hajiya tana tsoma ganye a ciki tana fyaɗa mata a jiki. In an fito daga wannan a tarar da kunun kanwa cike da kwanon sha yana tururi. Rumaisa'u tun tana yarinya ba ta ƙaunar kunun kanwa, warinsa ma tayar mata da zuciya yake. Amma akwai gasasshen nama da yaji, akwai farfesun kaji, akwai 'yan uwa da maƙwabta suna shigowa da wushe da barka, ɗaki yana ƙamshin turare, ga kuma 'yar mitsitsiyar halittar nan tana barci a gefenta da hannu a dunƙule. Duk da ƙunƙuninta, Rumaisa'u tana jin daɗin zaman.

Abin da ke tsinka mata zuciya shi ne wankan jaririya. Hajiya takan ɗora Munira a cinya, ta murza ta da sabulu, ta miƙe mata hannaye ta haɗa su a baya, ta kama ƙafafun ta ɗaga ta sama kai a ƙasa. Ranar farko Rumaisa'u ta yi zumbur ta miƙe.

"Hajiya, a hankali! Za ki karya ta!"

Hajiya ko kallonta ba ta yi ba. Rumaisa'u 'yar fari ce, don haka Hajiya ba ta taɓa kiran sunanta, sai dai "ke". Ta ce, "Ke, koma ki zauna. Ba kya jin kunya? Ɗan fari ai na mutane ne. Ke da na haifa kakarki ce ta ɗauke ki, sai in an kawo ki shan nono nake ganinki. Ga ki nan ba ki karye ba."

Bayan wankan kuwa Munira takan yi barci har sai an tashe ta.

Ranar suna Phebe ta zo da turmin atamfa da sabulai, ta durƙusa ta gaida Hajiya, ta ɗauki jaririya tana yi mata waƙa da yarensu na Bura. Rumaisa'u ta matso ta raɗa mata, "Yaya Randa?"

"Tana gaishe ki," in ji Phebe, ta ci gaba da waƙarta.

Ko kalma ɗaya ba ta ƙara ba. Nuraddeen ma, in ya zo da yamma ya tsuguna a zaure saboda kunyar surukai, in ta tambaye shi sai ya ce shi batir ya sani, bai san manhaja ba. Kai, mutanen nan sun haɗa baki ne? Tun tana daurewa har abin ya fara hana ta cin nama. Ta zauna ta yi tagumi tana lissafa firjin da ke mutuwa a wannan zafin.

Da aka yi nisa da wanka, Hajiya ta lura 'yarta tana ramewa, kunun kuma kullum sai a dawo da rabi. Hajiya 'yar kasuwa ce jikar 'yan kasuwa, ta san yadda ake ciniki. Wata rana bayan azahar ta dire kwanon a gabanta ta ce, "Ke, in kin shanye wannan tas, in ga gindin kwano, zan ba ki allon naki daga yanzu zuwa kiran la'asar. Kwano ɗaya, zama ɗaya."

Rumaisa'u ta toshe hanci ta ɗaga kwanon, ba ta sauke ba sai da ta ga zanen furen da ke ƙasansa.

Tana buɗe dandalin, abin da take tsoro shi ta fara gani. Phebe ta shigar da filashin. Kwana kaɗan da tafiyar Rumaisa'u aka yi hakan, kuma ga sabuwar Randa ta riga ta bazu. Wani abu mai ɗaci ya taso mata, wanda ya fi kanwar ɗaci. Ta ci gaba da karantawa. Wata nas daga Damaturu ta rubuto cewa filashin ya tashe ta daga barcin rana ta je ta tarar da wayar wuta ta tsinke a bayan firji, ta ceci alluran wata guda. Mutumin Malawi ya ce su ma can haka suke yi wa juna, abin ya yi masa daidai. Har wasu sababbin mutane biyu sun fara aiko da gyara, Phebe tana amsa musu da "sannu da ƙoƙari" kafin ta nuna musu kuskurensu. Ashe Randa ba ta ko yi tari ba don Rumaisa'u ba ta nan. Wannan ya yi mata daɗi, ya kuma yi mata ciwo, duka a lokaci guda.

Can ƙasa sai ta ga matsala, sabuwa fil, ta shekaranjiya. A ranar rigakafi nas takan buɗe firji ta rufe, ta buɗe ta rufe, tana ɗauko allura. Duk buɗewa ɗumi yana ɗan shiga, Randa kuma sai ta hau filashin ba ƙaƙƙautawa, waya tana ta ƙara a aljihu ana tsakiyar yi wa yaro allura. Asibiti uku sun rubuto suna ƙorafi. Ɗaya ma ya ce sun kashe wayar gaba ɗaya sun huta. A wannan zafin! Phebe ta amsa cewa tana dubawa, amma makarantarsu ana jarrabawa, sai ƙarshen mako.

"Ai ga irinta nan!" Rumaisa'u ta faɗa da ƙarfi. "Na faɗa, na faɗa!"

Hannunta ya san hanya. Kafin shayi ya huce ta rubuta gyaran: in ɗumi ya shiga, Randa ta ɗan dakata tukuna, in bai sauka ba sannan ta kira. Ƙaramin abu ne. Ga makullinta nan yana aiki, ba wanda ya taɓa shi. Dannawa ɗaya, gyaran ya shige, kafin magariba ya isa ko'ina. In ma ta ga dama ta cire filashin ɗin ɗungurungum ta mayar da Randa yadda ta bar ta. Wa zai hana ta? Randa ai tata ce, ita ta haife ta.

Ta ɗora yatsa. Daga tsakar gida ta ji ƙarar ruwa a baho, da kukan Munira, da muryar Hajiya tana cewa, "Yi kukanki, 'yar nema, yanzu za ki yi barci." Ta leƙa ta taga, ta ga 'yarta a rataye kai a ƙasa a hannun Hajiya. Amma yau ba ta miƙe ba. Sai tabarmar Wulari ta faɗo mata, da ledar gyaɗa, da bakinta da ya ce na yi alkawari. Ta san in ta danna, firji uku za su huta yau, amma Phebe ba za ta sake taɓa Randa ba har abada, kuma da gaskiyarta. Sababbin nan biyu ma za su bi ta. Randa za ta koma hannu ɗaya, ta jira haihuwa ta gaba ko zazzaɓi na gaba.

Ta janye yatsan. Ta zagaya ta ƙofar da kowa ke bi, wadda ba ta taɓa bi ba tunda ta kafa Randa. Ta aika gyaran a matsayin mai kawo gudummawa, ta rubuta a ƙasa: "Malama Phebe, ga ɗan gyara kan matsalar ranar rigakafi. A duba in ya yi." Ta ga sunanta ya hau layi a bayan na wani ɗalibi daga Difa. Ladan ya kira la'asar, Hajiya ta shigo da jaririya a naɗe a tawul ta miƙo hannu, kwamfuta ta koma akwati.

Ranar nan ta kwana tana saƙe-saƙe. Ta tabbata Phebe za ta gani ta shigar nan take, wataƙila ma da ban haƙuri. Har ta shirya amsar da za ta bayar, mai nuna ba komai, ai kowa yana kuskure.

Washegari tun kafin a kira ta ta zauna a gaban kwano. Ta shanye, aka buɗe akwati. Gyaran nata yana nan a bakin ƙofa, bai shiga ba. An dawo da shi.

Phebe ta rubuta: "Sannu da ƙoƙari, mai jego. Na saci lokaci tsakanin jarrabawa na kira asibitocin nan uku, waɗanda suka kashe wayarsu sun kunna, sun ce za su daure zuwa jibi. Dabarar dakatawa ta yi, amma ba a kowane hali ba. Ƙananan firjin da ke ƙauyuka ba sa riƙe sanyi. In wuta ce ta yanke, ba ƙofa aka buɗe ba, dakatawar nan za ta cinye lokacin da nas ke buƙata ta kwashe allura zuwa akwatin ƙanƙara. Ki sa ta fara duba ko wuta na shiga firjin. In tana shiga, ta dakata. In ba ta shiga, ta kira nan take. Sannan ba ki haɗo da gwaji ba. Dokar tana saman shafi."

Jama'a! Kunnuwan Rumaisa'u suka yi zafi. Ita za a nuna wa saman shafi? Ita da ta rubuta dokar da hannunta? Ta buɗe gyaran nata a fusace don ta nemo inda za ta kafa hujja. Ta bi shi layi-layi. Ta tuna ɗan firjin asibitin da ta yi bautar ƙasa, wanda ko awa ba ya yi yake zama kamar kwandon kaya in wuta ta ɗauke. Ta sake bin layukan. Gaskiyar Phebe ce. Da jiya ta danna, da yau akwai ƙauyen da Randa za ta yi shiru a daidai lokacin da ya kamata ta yi ihu, kuma ba wanda zai gane sai an zubar da kwali.

Ta jingina da bango. Tana jiran kunya ta rufe ta, sai wani abu dabam ya zo. Shekarun nan duka, duk layin da ta rubuta a Randa ba idon da ya taɓa bi ta kansa sai nata. Duk sanda ta saki sabon gyara takan kwana da fargaba, tana tunanin me ta manta, wane firji ne zai mutu saboda ita, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, ko Nuraddeen. Ta ɗauka haka aikin yake. Yau ga shi ta yi kuskure, wani ya tare shi a bakin ƙofa tun bai je ko'ina ba. Ta ji an sauke mata wani kaya da ba ta ma san tana ɗauke da shi ba. Dariya ta kufce mata, hawaye suna bin dariyar.

Hajiya ta ɗaga labule da Munira a kafaɗa. "Ke, lafiya? Ko zafin ne ya taɓa ki?"

"An dawo mini da aikina ne, Hajiya. An ce bai yi ba, in sake."

"Shi ne kike dariya?"

"Wallahi daɗi nake ji."

Hajiya ta girgiza kai, ta ce wa jaririyar, "Kin ji uwarki ko? Allah Ya shirya."

Rumaisa'u ta share ido da bakin mayafi, ta rubuta wa Phebe: "Na gani, gaskiyarki ce. Zan gyara in haɗo da gwajin. Makullin nan kuma ba na arba'in ba ne, ki riƙe shi. Daga yau nawa aikin ma ta hannunki zai riƙa bi." Ta fara gyaran, ta sa Randa ta duba wuta tukuna, ta shiga rubuta gwajin. Ba ta kai rabi ba ladan ya gyara murya a lasifika. Hajiya ta miƙo hannu.

Rumaisa'u ta rungume kwamfutar da hannu ɗaya, ta tura kwanon da ɗayan.

"Hajiya, akwai sauran kunun nan? A ƙaro mini, a cika shi."